Hamajoɗa da Rediyon Surukin Bobboyi

Hamajoɗa mai gyaran rediyo bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Daga aji huɗu ya tsere, wai benci na cizonsa. Ya yi kamun kifi a tafkin Njuwa, kifin ya gaji da surutunsa, ya dawo Jimeta ya koyi gyara. A nan ya yi suna. Duk mutumin Namtari da rediyonsa ya yi mura, wurinsa yake kawowa. Aibinsa ɗaya: rediyo ya yi shiru, to sai ya ga hanjinsa.

Wata Talata Bobboyi, dillalin shanu, ya kawo rediyon surukinsa a ɗaure eriya kawai.

"Hamma, eriya na ce. Ban gaya wa tsohon na ɗauko ba. In wani abu ya samu rediyon nan, ni da gidan sai dai gaisuwa daga nesa."

Hamajoɗa ya ɗaure, ya kunna, gajeren zango yana ta zuba. Rana na take tsaka sai ɗif. Ya murɗa hagu, ya murɗa dama, shuuu kawai. Kafin Bobboyi ya dawo daga sallah, sukurori sun zube a faranti.

Adda Hilda, tsohuwar malamar kimiyya da ke sayar da zoɓo a shagon gefe, ta leƙo da waya a hannu.

"Kai, ajiye sukudireban nan! Rana ce ta yi aman wuta. Akwai na'urori a jikin tauraron ɗan Adam, aikinsu auna haskenta, har da irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. In ya yi yawa sai ya toshe hanyar gajeren zango. Ka ga layin awon nan a wayata ya miƙe sama? Jira ya sauko."

"Adda, rana ta yi amai, ke kuma aka bugo miki? Je ki, ƙanƙararki na narkewa."

Jira? Hamajoɗa? Ya zare wannan, ya ɗanɗana wancan da harshe, ya dangwala dalma mai zafi inda babu ciwo. Wani siririn hayaƙi ya tashi.

Can sai rediyon wani mai shayi da ke kusa, wanda shi ma ya yi gum tun ɗazu ba wanda ya taɓa shi, ya farka da kansa yana karanta labarai. Na surukin Bobboyi kuwa ko tari.

Bobboyi bai yi faɗa ba. Ya tattara kayan cikin a leda, ya ɗaure bakinta.

"Taso mu tafi, Hamma. Kai za ka yi wa tsohon bayanin rana."

Ya je ɗin, a bayan babur, ledar a cinya. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya yafe wa Bobboyi, ya ce a ba baƙo ruwa.

Yanzu kafin ya kwance ko sukuru ɗaya sai ya leƙa shagon zoɓo, yana bubbuga ƙafa. "Adda, yau ya jikin rana?" Mutanen Namtari dai wani wurin suke kai nasu.