Lambar Baba da Sunan Wani

Har in koma ga Allah, ranar da aka ce lambar girman mahaifina ba tasa ba ce ba za ta fita a raina ba.

Kwana arba'in da rasuwarsa muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, muka sami lambar azurfa naɗe cikin tsohuwar hula. Tun muna yara yake ba mu labarin yaƙin Bama na zamanin Turawa, yana cewa saboda daɗewa a aikin soja aka ba shi ita. Yayana ya ce a kai a yi mata ƙima. Na bi shi Jabi, shagon wani dattijo mai sayen kayan tarihi.

Dattijon ya auna ta a sikeli, ya duba gefenta da madubin ƙara girma.

"Madam, wannan orijina ne," in ji shi. "Amma sunan da aka buga a gefe ba na babanku ba ne. Ƙila saya ya yi."

Yayana ya sunkuyar da kai ya ce, "Mu sayar kawai, mu rufa masa asiri."

Wannan maganar ta fi rasuwar yi mini ciwo. Na karɓe lambar na ƙulle a bakin gyalena.

Mako uku ina yawon ofisoshi. Ko'ina sai a ce takardun wancan zamanin ba sa nan. Da na gaji na gaya wa Inna, mahaifiyarmu, wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Ta yi murmushi, karon farko tun rasuwar.

"Ai Bature ba ya rubuta sunan uba. Sunan garin da aka ɗauke ka soja yake liƙa maka. Kai ni wurin mutumin."

A shagon ta miƙe tsaye, ta karanto lambar aikin Baba da ka, yadda yake faɗarta kullum idan ya ƙame yana tsokanarta. Dattijon yana bin gefen azurfar da madubinsa, inda aka buga lambar aiki kusa da sunan. Da ta kai ƙarshe, sai ya cire hularsa.

"Mama, ki yafe ni. Nashi ne. Yanzu kuɗinsa ya ƙaru sosai."

"Ba ciniki ya kawo ni ba, ɗana," in ji Inna, ta miƙa hannu.

Yau lambar tana wurina, Inna ma ta bi Baba. Tun ranar na koyi cewa idan aka yi shakkar mutum bayan ransa, kafin a je ofis, a fara tambayar wanda ya zauna da shi.