Ranar da na tayar da albasar da aka kwantar

Ko na manta komai na shekarun koyarwata, abin da ya same ni a wani lambu a bayan Fagge yana nan daram a raina. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ina sabon malamin aikin gona a wata sakandare, kaina cike da littafi, ina ganin ba wanda ya kai ni sanin ƙasa.

Da rani mukan raba ɗalibai ga masu lambu su yi wata guda suna koyon aiki, ni kuma in bi su a keke ina ba da maki. Wanda ya faɗi, ya yi sallama da makarantar horon noma ta Zariya. Akwai wani ɗalibina ɗan Sabon Gari, ɗan wani akawun jirgin ƙasa, wanda ba shi da buri sai wannan makaranta. Shi na kai wa wani dattijo mai noman albasa.

Ranar da na je duba shi, tun daga nesa na hango shi tsakiyar fangali yana bin ganyen albasa yana takewa, har da 'yar waƙarsa. Raina ya ɓaci. Na jefar da keke.

"Kai! Ɓarna aka turo ka yi?"

"Malam, ai Baba ne..."

"Rufe min baki! Kai ne malami ko ni?"

Nan take na zaro alƙalami na rubuta masa sifiri a littafin maki yana kallo. Idonsa ya kawo ruwa. Ban tsaya nan ba, don in rufa wa makaranta asiri na sa ya ɗebo karan dawa, muka duƙa muna tayar da ganyen ɗaya bayan ɗaya muna tokarewa. Mun gama fangali uku, farin wandona ya koma ja, sai ga dattijon ya dawo daga sallar azahar. Ya tsaya yana kallonmu.

"Malam, sannu da aiki. Wannan kuma sabon ilimin Turawa ne?"

Na gyara murya na fara ba shi haƙuri kan ɓarnar ɗalibina. Dariya ta kama shi har sai da ya dafa sandar jigon ban ruwa.

"Ni na sa shi. In albasa ta kusa isa, kwantar da ganyen muke yi, ta daina gudu sama ta yi kai a ƙasa, wuyanta ya bushe, ta jure ajiya. Tun safe ɗan nan yake yi, kuma ƙafarsa ta fi tawa iyawa, ko ɗaya bai fasa ba."

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Masu lambun maƙwabta har sun taru.

"To Baba, yanzu yaya za a yi?"

"Cire takalmi za ka yi."

Na cire. Na shiga fangali ina takewa, ɗalibina na biye da ni yana cewa, "A hankali, Malam, wuyan za ka taka, ba kan ba." Da muka gama na soke sifirin a gaban kowa, na miƙa wa dattijon littafin na ce shi ya faɗi makin. Ya ce a ba yaron cikakken maki. Yaron ya tafi Zariya.

Saura kaɗan in toshe masa hanyar ci gaba saboda ban bari ya ƙarasa magana ɗaya ba. Tun daga ranar, kowane ɗalibi na kama da abin da ya yi kama da laifi, sai na ji bakinsa har ƙarshe kafin in taɓa alƙalami.