Jar Dawar Iya Nagode

Ranar wata Juma'a ce, a bazarar shekarar da na fara azumi, aka yi sunan ƙanena a gidanmu na gona kusa da Fakku. Tun hantsi aka hura wuta a ƙofar gida ana gasa rago, tsofaffi kuma suka baje a inuwar tsamiya. Cikinsu har da abokan kakana da suka zo daga Tambuwal, waɗanda suka yi zaman ribaɗi tare, wato tsaron bakin iyaka, suna kai hari garuruwan duwatsun kudu. Ni ce mai kai musu akushi, ina ta rawar kai, don a lokacin ba ni da gwani irin Kaka.

Tuwon ranar na jar dawar Iya Nagode ne. Iya baiwar gidanmu ce, daga duwatsun nan aka kamo ta tana budurwa, kuma a bayanta na girma. Ba ta zo da komai ba sai 'yar tsaba ƙulle a bakin zane. Ita ta yi ta shukawa a wani ɗan fili bayan danga har ta yi yawa, dawa mai gajeren kara da babu irinta a duk ƙasar Kebbe. Ni ce abokiyar aikinta. Tana sara da sungumi ina jefa iri ina takewa, in dawar ta yi ido ni ke korar tsuntsaye, ina carafke da tsakuwa a kan kunya. Da kaka sai ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ta ɗaure, ta rataye bisa murhu don hayaƙi ya kore ƙwari. Takan ce mini, "Wagga ita ɗai ta san gidanmu." A shekarar nan an cinye sauran, ɗaurin irin kaɗai ya rage, ga damina ta ƙarato.

Wani tsoho mai ido ɗaya, Baba Jatau, yana kai loma ya tsaya. Ya ce ya san dawar nan. Shi ke nan baki ya buɗe. Suka shiga tuna yadda suke jira sai mutanen dutse sun gama girbi sun cika rumbuna, sannan su faɗa musu, su cinna wa rumbunan wuta, su sare abin da ya rage a gona, su cusa mushe cikin rijiyoyi, don wanda ya tsere wa mashi yunwa ta same shi. Wani ya kwaikwayi yadda wata tsohuwa ta riƙa kwasar hatsi mai wuta da hannu. Suka yi ta dariya, miya na zuba a gemu, suna suɗe yatsu. Tuwon Iya suke ci, ita kuwa tana bayan zana tana jin komai.

Sai gardama ta tashi. Jatau ya ce jar dawa in tana ƙonewa fashewa take kamar ana tafi, wani ya ce ƙarya ne. Kaka ya dube ni ya ce, "Uwargida, ɗauko muna irin nan da ag ga murhu." Na ce masa na shuka ne, babu wani. Ya yi dariyar wasan jika, ya tashi da kansa ya shiga madafa. Iya na durƙushe, ba ta ɗaga kai ba, baiwa ba ta hana ubangida. Ya fito da ɗaurin, ya wurga cikin wutar ragon. Dawar kuwa ta yi ta fashewa. Jatau ya ce, "Kun jiya? Hakanan munka ji ta ran nan." Na kutsa na fizgo abin da na iya, tafina ya saluɓe, su kuwa har sun koma kan naman.

Da ruwan fari ya sauka, muka tsince ƙwayoyin da ba su yi baƙi sosai ba, muka shuka. Kullum da safe sai mu je mu duƙa muna duban ramukan. Geron gidan ya tsiro, ciyawa ta rufe filin, namu shiru. Iya ta tona rami guda, ta ga ƙwayar ta ruɓe, ta mayar da ƙasa ta take. Ba ta sake riƙe sungumi ba har ta rasu. Ni kuma daga ranar Kaka ya daina samun amsa in ya kira ni uwargida.

Yau an daina kai hari, tsofaffin nan duk sun kwanta dama, jikokina na ambaton su da alfahari, ina jin su ina tsaki. Na tambayi fatake da masu awo daga Dogon Daji har Tambuwal ko sun taɓa ganin jar dawa mai gajeren kara, kowa ya ce bai san ta ba. Mashi bai raba Iya da garinsu ba, sai da aka so raba gardama a gindin tsamiya.