Adakar Mutumin Tahoua

Da aka rufe mahaƙar da maigidana yake aiki, sai aka ba mu wa'adin barin gidan kamfani. Ɗaki huɗu ne, ga ruwa ga wuta, a nan na yi goyona duka. Wanda muka samu a cikin garin Arlit kuwa ɗaki ɗaya ne na ƙasa da 'yar rumfa, in ka miƙe ƙafa sai ta taɓa bango.

Ni ba mai riƙon tarkace ba ce. Firigon sanyaya abinci na bayar, kujeru maƙwabta suka kwashe. Tukwanen biki, labule, tsofaffin takalman aikin maigida masu ƙarfe a baki, duk na rabar ban waiwaya ba. Abu biyu ne suka tsaya mini a wuya: gadona na ƙarfe mai rumfa, wanda innata ta rako ni da shi daga Damagaram, da wata ƙatuwar adaka da ba tamu ba.

Ta wani mutumin Tahoua ce, abokin aikin maigida. Lokacin da kowa ke rububin zinariya a Tchibarakaten ya kawo ta a amalanke, ya ce ajiya, kafin azumi zai dawo. Haka ake yi a garin nan, kowa baƙo ne, mai tafiya yakan bar kayansa wurin mai zama. Azumi ya zo ya wuce, wani ma ya wuce. Lambarsa ta daina shiga. Direbobi wani ya ce ya gan shi, wani ya ce ya haura arewa, wani ya sunkuyar da kai kawai. Ko sunan ƙauyensu ba mu sani ba.

Na auna sabon ɗakin da igiyar shanya har sau uku. Ko gado ko adaka, biyun ba za su shiga ba. Muka je wurin liman, ya buɗe mana zaurensa ya nuna mana irinta jibge har rufi, ya ba mu haƙuri.

Na ce wa maigida, "Malam, a fasa kwaɗon nan mana. In tufafi ne mu yi masa sadaka da su, in takardu ne mu adana."

Bai yi musu ba. Ya ɗauko guduma ya ajiye a gabana, ya ce, "Ga ta. Ni dai mutumin nan hannuna ya riƙe ya ce amana."

Raina ya ɓaci sosai, wato ni ce marar tsoron Allah ke nan. Na durƙusa da fushina, na jawo adakar don in daidaita kwaɗon. Sai wani ɗan abu ya gangara a ciki ya bugi gefe, kamar kofin shayi. Nan na tuna yadda mutumin ya shafa murfin da tafin hannunsa kafin ya fita. Na ajiye gudumar, na zauna dirshan ina kuka, ina zaginsa, ina kuma roƙon Allah ya sa yana raye.

Gadon kuwa, wata maƙwabciya ce ta ɗauka. Da aka kwance shi sai na shige madafa, ban fito ba har amalanken ya sha kwana.

Yanzu katifa nake shimfiɗawa a ƙasa, bayana jingine da adakar, da safe in naɗe, in goge mata ƙura. Innata ta rasu bara, ban taɓa gaya mata ba. Duk kiran da muka yi sai ta tambaya ko gadon ya shiga ɗakin, ni kuma in ce mata ya shiga.