Wando Mai Kunne

Yayana ne mutum na farko da na gani da wando marar zariya, kuma ba na ɗaurawa da bel ba. Wani tela a Gusau ya ɗinka masa, wanda ya yi zama a Kudu ya koyo irin ɗinkin can. A kowane gefe na ƙugun akwai ɗan ƙyalle mai kama da harshe, an zura shi cikin wani ƙaramin ƙarfe. In ka ja ƙyallen, ƙugu ya tsuke. In ka sassauta, ya buɗe. Matar Yaya ce ta raɗa masa wando mai kunne, sunan kuwa ya zauna.

A lokacin Yaya ƙato ne. Yana sayen hatsi a ƙauyukan Bungudu, inda gidansa yake, ya kai kasuwar Tsafe. In muna cin tuwo, sai ya ci rabi, ya ɗaga riga ya sassauta kunnuwan biyu, ya ce, "To, an buɗe ɗaki na biyu." Ni kuwa ina Gusau ina tura kurar ruwa, da yamma in je ajin yaƙi da jahilci. Shi ya sa yake kirana Malam Boko, ko da yake sunana kaɗai na iya rubutawa a lokacin.

Sai 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyen kawunmu, can cikin daji bayan Nahuce. Kawu ya kwaso iyalinsa da jikokinsa suka sauka gidan Yaya. Tun a zaure ya ce, "Ranar da na ga mun yi maka nauyi, ranar za mu koma." Yaya ya ce rumbu cike yake, ko shekara za su yi ba zai ji ba. Duk mun san halin Kawu. In ya faɗi magana sai ya cika ta, ko da komawar tana nufin ya mayar da yara bakin bindiga.

Rumbun ba cike yake ba. Manoma sun daina shiga gonakin nesa, hatsi ya daina fitowa, hanyar Tsafe ma sai mutum ya yi shahada kafin ya bi ta. Fataucin Yaya ya tsaya. Bakuna kuma sun ƙaru.

Sai Yaya ya kama azumin nafila. Da fari Litinin da Alhamis, daga baya ya ce yana da ramuwa. Ranar da ba ya azumi sai ya ce ya ci a kasuwa. Kawu yana ta sa masa albarka, yana cewa yaron ga ya kama ibada. Rigarsa doguwa ce mai faɗi, fuskarsa kuma gemu ya rufe ta, ba wanda ya ga komai.

Wata Juma'a na je Bungudu, muka tsuguna alwala a ƙofar gida. Da ya tattare riga don wanke ƙafa, na ga ƙugun wandon. An ja kunnuwan har ƙarshe, ƙyallen yana reto, yadin ya tattare a gefe kamar bakin buhu.

Na ce, "Yaya, wandon ga ya yi maka yawa."

Ya ce, "Yadin ne ya saki. Kayan zamani ke nan, Malam Boko. Zuba mini ruwa."

Na zuba masa. Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ƙane ba ya tsare wansa da tambaya a ƙofar gidansa. Daga ranar, duk zuwan da zan yi nakan riƙo abin da ya samu, masara ko gero. Yana karɓa ya miƙa wa matarsa, ya shiga tukunyar kowa. Ni kuma ina jiran lokacin alwala in saci kallon ƙugun.

Bayan damina ta sauka, ya naɗe wandon a leda ya ba ni. Ya ce in kai wa tela ya matsar da ƙarafan baya kaɗan.

Telan ya shimfiɗa wandon a kan keken ɗinki, ya juya ƙugun. Ya nuna mini sawun tsofaffin ɗinki, layi bayan layi, inda ƙarfen ya taɓa zama. Ashe ba wannan ne karon farko ba.

Ya ce, "Malam, ni na auna yayanka da hannuna. Sai da na miƙe hannu sosai kafin tef ya zagaye shi. In na ƙara matsar da ƙarfen ga, aljihun dama da na hagu za su haɗu a baya su gaisa."

Ban yi dariya ba, shi ma bai yi ba. Ya ce zai gyara, tunda aikinsa ne, amma mai wandon ya kamata a kai inda ake gyara.

Da na mayar da wandon, na ja Yaya bayan gida, wajen turken da ba sauran dabba. Na gaya masa abin da tela ya ce. Na ce mu tafi asibiti a Gusau, ya kwana a ɗakina.

Ya ce, "In na kwanta asibiti, mi Kawu zai ce ya kwantar da ni?"

"Ciwo."

"Kawu ba yaro ba ne. Zai leƙa rumbu. Kafin in dawo sun ɗaure kaya." Sannan ya ce, "Bari a yi girbi. In an yi girbi, ka kai ni duk inda kake so."

Na ce, "Sai in gaya wa Kawu da kaina."

Ya dube ni, ba da faɗa ba. Ya ce, "Ka gaya masa. Amma kai za ka raka su, ka ajiye jikokin nan a ƙauyen, ka juyo."

 Ya karɓi ledar, ya zaro wandon ya duba gyaran, sannan ya mayar ya tura mini a ƙirji. "Riƙe, na ba ka. Tunda boko bai ishe ka ba, har wandon mutane kake karantawa."

Daga ranar ya koma wandon zariya. Wandon zariya ba ya nuna ƙiba, ba ya nuna rama. Ka ja, ka ɗaure, ka tura sauran ciki. Na ci gaba da zuwa, muna tsugunawa alwala, ba abin da nake gani sai farin yadi.

Bai kai girbi ba. Gero ya fara fitar da kai lokacin da ya faɗi a hanyar masallaci. Muka sa shi a mota zuwa Gusau. Likita ya ce akwai ciwo a cikinsa da ya daɗe, jikin kuma ba shi da abin da zai yi yaƙi da shi. Ya tambaye ni me ya sa ba a kawo shi da wuri ba. Na ce Allah bai nufa ba. Bayan 'yan kwanaki ya cika.

Kawu ne babba, shi ya yi masa wanka, ni ina zuba ruwa. Da ya zo kwance zariyar, sai ya ga ta zagaye ƙugun sau biyu kafin a ɗaure. Ya tsaya da igiyar a hannu. Ya dubi haƙarƙarin, ya dube ni.  Da muka dawo daga maƙabarta, na hango shi ya nufi rumbu shi kaɗai, ya ɗaga murfin.

Bayan sadakar bakwai suka ɗaure kaya. Matar Yaya ta roƙe shi tana kuka. Ni ma na ce, "Kawu, don ku zauna ya yi abin da ya yi."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa ba zan ƙara cin loma ɗaya ta marayunsa ba."

Na raka su har inda babura ke tsayawa a Nahuce. Daga nan ba mai shiga sai wanda ya zama dole. Aka ɗora yaran, ƙananan a gaba, manyan a baya riƙe da ƙullin kaya.

Suna can har yanzu. Wani lokaci waya tana shiga, in ji muryar Kawu ya ce lafiya lau. Wani lokaci sai a daɗe ba ta shiga ba.

Wandon yana wurina. Bai shige ni ba, ko da na sassauta kunnuwan har ƙarshe, alhali duk gidanmu ni ne siriri. Telan ya ce in kawo ya mayar da ƙarafan inda suke da fari. Na ce masa to, amma ban kai ba tukuna.