Yayen Falmata a Mairi

A danginmu ba a yaye yaro a gaban uwarsa, kuma ba a yaye shi a Maiduguri. Haka na buɗi ido na tarar. Duk shekara, rana ta uku ga Babbar Sallah, mukan tashi daga gidanmu na unguwar Gwange mu nufi ƙauyen Kaka, mahaifiyar Babanmu, can bakin tafki. Tun asuba Umma za ta ɗaure soyayyen nama a kwano, Baba ya yi ta kai da kawo yana cewa mota za ta tafi ta bar mu, alhali shi ne bai ga hularsa ba. Idan akwai yaron da ya isa yaye a shekarar, da shi za a tafi, a dawo babu shi. Kaka za ta saɓa shi a kafaɗa zuwa bakin ruwa, ta tsoma ƙafafunsa tana cewa, "Ga ruwan gidanku," ta sa masa tsokar kifi a baki, sannan ta riƙe shi wata guda. Ni ma haka aka yi mini. An ce kwana uku na yi ina tsala ihu, har maƙwabta suka riƙa zuwa suna ba Kaka haƙuri.

Ina shekara tara tafiyar ta tsaya. Maimakon mu je wurin Kaka, ita ce ta zo wurinmu, a bayan motar kifi, da ƙulli ɗaya a hannu. Ba ta taɓa gaya mana abin da ya koro ta ba, mu ma ba mu tambaya ba. A wancan lokacin kusan kowane gida a unguwarmu yana da baƙon da ba a yi wa tambaya.

Lokacin dokar hana fita ne. Kafin magariba Baba ya rufe shagon ɗinkinsa a Kasuwar Kwastam ya dawo, an sa sakata, wutar lantarki kuwa mun manta kamanninta. Yaran maƙwabta da muke wasa da su a ƙofar gida kowa yana bayan bangonsu. Abin da ya rage mana shi ne murhu. Idan Umma ta sauke tuwo, Kaka ba ta yarda a kashe garwashi. Shekara da shekaru ta yi tana bandar kifi, ta ce idan ba ta ji hayaƙi a idonta ba ji take kamar ba a gida take ba. Sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ni in zauna a gabanta, Umma a gefe da ƙanwata Falmata a cinya, Baba a kan tabarma yana murɗa rediyo a hankali. Kaka tana da tata hanyar buɗe tatsuniya. Takan ce, "Ga ta nan tafe, ta sha hanya." Ni kuma in amsa, "A ba ta ruwa ta faɗa mana." Wani lokaci ana cikin labari sai a ji ƙara daga nesa, kowa ya yi tsit, Kaka ta ɗan jira, sannan ta ɗora daga kalmar da ta tsaya.

A shekarar ne Falmata ta isa yaye, har ta gota. Ga shi Umma ta samu ciki da goyo. Ni ban san wannan ba sai daga baya. Abin da na sani shi ne Umma ta rame, wuyanta ya yi tsawo, idan ta sunkuya shara sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Falmata kuwa ba ta san zaman lafiya ba, dare da rana tana maƙale da ita, ga zawo yau da gobe. Umma Babarbariya ce mai kunya, ba za ta iya kallon surukarta ta yi irin wannan magana ba, don haka Baba ta tura.

"Inna," in ji Baba, "yarinyar nan ta isa. Uwarta ma ba ta jin daɗi, kin dai gani."

"Na gani, ai da idona," in ji Kaka. "A bari Sallah ta zo. Hanya za ta buɗe, in tafi da abata."

"To ko a nan gida za ki karɓe ta? Ga ɗakinki."

"A nan? Tana jin tarin uwarta ta bango? Kai dai ɗinki ka iya. Kuma a wane ruwa zan tsoma ta, na kwata?"

Baba ba ya jayayya da ita, kuma ya san ba Falmata kaɗai ake magana a kai ba. Muddin ba a yaye yarinyar ba, Kaka tana da dalilin komawa gida.

A watannin nan tatsuniya ɗaya ta fi yi mana, har na haddace ta, har ta ishe ni. Labarin wata shamuwa ce da takan zo duk damina ta sauka a kan tsamiya ɗaya, inda uwarta ta ƙyanƙyashe ta. Wata shekara ta iso da ƙwai a ciki, ta tarar gobara ta cinye tsamiyar, sai kututture baƙi. Kuka ta ce mata, "Zo ki sauka a kaina, ina da faɗi." Shamuwa ta ce, "Ba ke ba ce." Giginya ta ce, "Zo, ina da tsawo, maciji ba ya hawa na." Ta ce, "Ba ke ba ce." Ta yi ta kewaya sama, rana ta faɗi ta fito, ba ta sauka ba. Kaka takan buɗe hannuwa tana kwaikwayon kewayen, inuwarta tana yawo a bango. A ƙarshe ruwan sama ya sauka, kututturen ya yi toho, kafin kwana bakwai ya zama itace, shamuwa ta sauka ta yi ƙwanta. Idan ta kawo nan sai ta saci kallon Baba, ta rufe da cewa, "Na sauke ta nan, mai ƙarfi ya ɗauka." Baba dai sai ya ƙara murɗa rediyonsa.

Ƙaramar Sallah ta wuce, hanya ba ta buɗe ba. Babba ta zo. Baba ya yanka ɗan ragon da ya samu, muka yi Sallar da ba a zuwa ko'ina. Rana ta biyu ya je tasha ya dawo kafin la'asar, ya zauna yana cire takalmi bai kalli kowa ba. Kaka ta ce, "Yaya?" Ya ce, "Ba mai zuwa, Inna. Sun ce ciyawa ma ta fara rufe hanyar." Kaka ta tashi ta yi alwala.

Da yammar nan Umma tana suyar nama. Ina ganinta har yanzu: tana zaune gaban kasko, cokalin suya a hannun dama, Falmata tana tsotso ta hagu tana shure-shure. Ana haka sai kanta ya fara sunkuyawa. Barci ne ya ɗauke ta a zaune, gefen mayafinta yana dab da taɓa mai. Kafin in yi ihu Kaka ta riga ta isa, ta janye mayafin, ta zare cokalin daga hannunta. Umma ta farka a firgice tana cewa, "Yi haƙuri, Inna, ban yi barci ba." Kaka ta tsaya tana kallonta, ta daɗe, kamar ranar ta fara ganinta. Sannan ta ce, "Matsa, 'yar nan," ta zauna ta ƙarasa suyar da kanta.

Bayan magariba muka taru a murhu. Da ta ce ga ta nan tafe, na amsa da ƙyar, don na san shamuwar ce dai. Ita ce kuwa. Kuka ta kira, giginya ta kira, shamuwa ta ƙi. Amma ranar Kaka ba ta buɗe hannuwa ba, suna kan gwiwoyinta. Ta ce shamuwa ta yi ta kewaya har fukafukanta suka yi nauyi, ruwa kuma bai zo ba. Sai ƙwan da ke cikinta ya yi magana. Ya ce, "Inna, ni ban san tsamiyar nan ba. Ni dai ki sauke ni, na gaji." Shamuwa ta duba ƙasa, ta hango jinkar rumbun wani manomi da ko sunansa ba ta sani ba. Nan ta sauka, nan ta yi ƙwan, nan ya fashe.

"Kaka, ba haka take ba!" na ce. "Ina ruwan saman? Ina tohon?"

"Ke kika ga shamuwar ko ni, uwar surutu?"

"To tsamiyar fa?"

"Ban sani ba," in ji ta. "Shamuwar ba ta koma dubawa ba."

Ba ta ma rufe da "Na sauke ta nan" ba. Ta juya wajen Baba ta ce, "Gobe a ɗaure nama, tafiya za mu yi." Baba ya ajiye rediyo ya ce, "Inna, hanyar nan fa..." Ta katse shi. "Mairi. Gidan ƙanwarka Hajara. Ai ita ma tana da ƙofa."

Daga Gwange zuwa unguwar Mairi ba tafiya ba ce, ko a ƙafa mutum zai je ya dawo. Amma Kaka ta sa aka yi komai yadda aka saba. Ta tashe mu da asuba, muka yi wanka muka sa kayan Sallah, muka zauna a zaure da ƙulle-ƙullenmu muna hamma, muna jiran lokacin da doka ta yarda a fita. A Keke Napep ɗaya muka cusu, Baba a gefen direba rabin jikinsa a waje. Kaka ta ɗaga hannu ta yi addu'ar tafiya cikakkiya, har direban ya waiwayo ya ce, "Hajiya, Mairi dai kuka ce ko?" Ta ce, "Ja mu je, yaro." A shingen bincike muka sauka muka bi layi, aka buɗe kwanon nama aka duba aka rufe. Muna tsaye a rana Kaka ta ce a ci guzuri, wai an yi rabin hanya. Muka ci nama a tsaye, cikinmu cike da kunun safe. Baba ya yi dariya, irin wadda ba ta da ƙarfi, ita ce ta farko da na ji daga bakinsa a Sallar.

Gwaggo Hajara ta tarbe mu da lale marhabin tana mamakin kayan da muka ɗauko. Kaka ko zama ba ta yi ba ta ce a kawo daro. Aka zuba ruwan randa, ta karɓi Falmata, ta tsuguna ta tsoma ƙafafunta. Na matsa kusa don in ji ta faɗi abin da aka ce ta faɗa a kaina. Ta buɗe baki, ta rufe. Daga ƙarshe ta ce, "Allah ya raya," ta ɓare bandar kifin da Gwaggo ta sayo a kasuwa ta sa mata a baki. Falmata tana fama da kifin Umma ta sulale ta fita, tana share ido da mayafi. Da muka koma gida ta kwanta tun azahar, ba ta tashi ba sai don salla, washegari ma haka. Wata guda Kaka ta yi a Mairi. Falmata ta dawo da kumatu, Umma kuma ta sauka lafiya da lokacinta ya yi.

Da ina yarinya na ɗauka darasin shi ne mutum ya yi haƙuri da abin da ya samu, irin abin da ake rubutawa a ƙarshen labari a makaranta. Sai da na yi goyo da kaina, na san barcin zaune, na gane ba haka ba ne. Kaka ba ta gamsu ba. Har ta rasu a ɗakinta na Gwange ba ta taɓa cewa Maiduguri gida ba. Gajiya ce ta yi, ta kuma ga wadda ta fi ta gajiya, sai ta ɗauki abu ɗaya da ya rage mata na komawa ta bayar don wata ta samu barci. Ta san abin da take bayarwa, shi ya sa ta bi ta bakin shamuwa, don da bakinta ba za ta iya faɗa ba. Yakan ba ni tausayi, wani lokaci kuma ya ba ni haushi, ban san ma da wa nake fushin ba.

Har yau rana ta uku ga Sallah Mairi muke zuwa, da nama a kwano. Ana cewa yanzu wasu suna bin hanyar tafki, amma Baba bai taɓa tayar da maganar ba, ba wanda ya tayar masa. Bara na kai ɗana yaye, Gwaggo Hajara ce ta tsoma shi a daro. Ina tsaye ina jiran a miƙo mini shi in goge masa ƙafa sai na ji Falmata, wadda yanzu ta kusa kamo ni tsawo, tana yi wa wata maƙwabciya bayani cike da alfahari. "Mu a danginmu Mairi ake kawo yaro yaye," in ji ta, "tun kaka da kakanni."

Na buɗe baki zan gyara mata, sai na rasa inda zan ce mata ta je ta gani. Na ce ta miƙo mini tawul.