Muryar Mai Balami

Duk wanda ya taɓa sayen ragon layya ta waya daga Jibiya ya san muryar Mai Balami, amma da wuya a sami wanda ya san hancinsa. A bidiyonsa rago ake gani, sai hannu guda yana buɗe masa baki a ga haƙori, yana shafa gadon baya, yana ɗaga jela kamar malamin asibiti. Murya kuma tana ta zuba: wannan bai taɓa kwana da yunwa ba, wancan in ya shiga layinku maƙwabta sai sun yi mako ba su gaishe ku ba. Wata hajiya a Abuja ta rantse mai wannan murya ƙato ne mai tumbi. Abdulbaƙi kuwa, mai muryar, in iska ta taso da ƙarfi sai ya riƙe turke.

Ba ɗan cikin gari ba ne. A wata 'yar tunga ta yankin Riko aka haife shi, mahaifinsa ya rasu da wuri, aka bar shi da mahaifiyarsa, Inna Salmatu, da 'yan tumaki. Ranar da 'yan bindiga suka shigo, da la'asar ce, shi yana wajen kiwo, ita ta tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye can gaba. Ƙauyukan biyu duka aka tayar. Ya bi ayarin mutane suka tsallaka Nijar, aka ba su tamfol wajen Ɗan Isa, ya zauna ɗan gudun hijira, ba tumaki, ba Inna. Ya zaga rumfa rumfa yana tambaya. Wani ya ce ya ga mai kama da ita a motar Jibiya. Ya sake tsallakowa, ya kwana a makarantar da aka zuba masu hijira, nan ma ya yi ta cigiya. Salmatu kam an kawo masa iri-iri, doguwa da gajera, har da wata mai wayo da ta ce in zai riƙa saya mata goro ta yarda ita ce. Ya yi dariya, ya saya mata goron, ya zaga bayan aji ya yi kukansa.

Ciki ba ya jiran a gama cigiya, sai ya nufi kara, kasuwar dabbobi, don aikin da ya iya ke nan. Wani dillali, Alhaji Zunnuraini, ya ɗauke shi riƙon igiya da ba da ruwa. Ba a daɗe ba kasuwa ta fara mutuwa. Masu saye daga Kano suka ji tsoron hanya, aka zo kuma aka rufe iyaka, Alhaji ya koma korar ƙuda da hula. Rannan wani tsohon abokin cinikinsa ya bugo ya ce ba zai zo ba, a turo masa hoton rago. Alhaji ya ɗauka da kansa. Abin da ya isa Kano shi ne babban yatsan Alhaji, cikakke, sai rabin ƙafar rago a gefe. Mutumin ya sake bugowa ya ce yatsan ya yi kyau, amma bai isa layya ba.

Abdulbaƙi ya roƙi a ba shi wayar. Ya durƙusa gaban ragon, ya fara ɗauka, bakinsa kuma ya kama yi wa ragon irin surutun da yake yi wa tumakinsa a daji, lallashi da tsiya a haɗe. Kafin a kira azahar an yi ciniki. Mutumin Kano ya tura wa abokansa bidiyon don su yi dariya, su kuma suka yi dariyar suka ce su ma a nemo musu.

Daga nan abu ya miƙe. Ya sayi tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, ya buɗe shafi a TikTok, ya sa masa Mai Balami. Ya shirya da direbobin da ke sauke kaya a Katsina da Kano da Abuja. Masu kiwo daga ƙauyukan Kusa da Mazanya suka riƙa kawo masa dabbobi ya yi musu magana, kamar masu kai yara wajen malami. In rago na da tari sai ya ce yana da tari, abin da ya kusa sa Alhaji Zunnuraini hawan jini, sai ga shi saboda wannan ne mutanen da ba su taɓa taka Jibiya ba suka yarda da shi. Ya auri Mu'minat, 'yar mai abincin tasha, wadda ta yi sakandare, bakinta kuma ya fi nasa kaifi. Ita ke karanta saƙonnin rubutu, shi yana ji da na murya.

Doka ɗaya ya kafa wa kansa: ba fuska, ba suna. Ya san yadda ake yi. Mutum ya ɗan farfaɗo, wani na kusa ya kai labari daji, a zo a ɗauke shi ko a ɗauke nasa. Don haka duniya ta san hannunsa da muryarsa, sauran jiki ya bar wa Mu'minat.

Inna kuwa bai daina nema ba. Duk direban da zai shiga Maraɗi sai ya ba shi saƙo. Shekaru suka tafi, mutane suka fara cewa Allah ya jiƙanta in an ambace ta. Shi ba ya musu, amma ba ya cewa amin.

Wata ranar Lahadi, kasuwa ta cika, saƙon murya ya shigo daga lambar Nijar. Mace ce, ta ce sunanta Na'ima, daga wani gari kusa da Maraɗi, mijinta mahauci ne, a wayarsa suke kallon ragunan Mai Balami. Ta ce akwai wata tsohuwa 'yar hijira da suka ɗauka tana zaune da su, tana taya ta ɓarar gyaɗa. Duk sanda aka kunna bidiyonsa, sai tsohuwar ta ja mayafi ta tashi ta bar wurin. Amma ba ta nisa. Bayan zana take tsayawa har a gama. In an kwana biyu ba a kunna ba, sai ta ce, tana kallon wani wuri, mai ragunan nan shiru, ko lafiya. Na'ima ta ce ta tambaye ta ko ta san shi, tsohuwa ta ce ragunan dai sun ji kiwo. Sunanta Salmatu.

Abdulbaƙi ya saurara sau da yawa, sannan ya je gida ya miƙa wa Mu'minat wayar. Kansa na gaya masa tarko ne. Ya sha jin yadda ake jawo mutum da labarin ɗan'uwa, a ce ya zo wuri kaza, daga nan sai labari. Wanda ya san tungarsu ya san sunan Inna. Ya ce a turo hoto. Aka turo: bayan wata tsohuwa, da mayafi har ƙasa. Na'ima ta ba da haƙuri, ta ce da tsohuwar ta ji wanda za a tura wa sai ta juya baya. Ya ce to a kira ta bidiyo. Aka kira, ya ga zana, da tiren gyaɗa, da wata kaza da ta tsaya tana kallonsa kamar ita ake nema.

Ransa ya ɓaci. Ya ce wa Na'ima magana ɗaya ce ta rage: in mahaifiyarsa ce, ta faɗi sunansa, ya ji da kunnensa.

 Yana jin Na'ima tana lallashi, Inna ki hwaɗi mana, mi ne ne a ciki, suna ne fa. Shiru. Sai ƙarar ɓawon gyaɗa, ƙas, ƙas, a hankali. Na'ima ta dawo ta ce ta ƙi.

Ya kashe wayar ya ajiye. Ya ce wa Mu'minat ta gani ko, 'yan damfara ne, sun rasa sunan. Ya juyo ya tarar tana dariya, hawaye kuma na zuba.

"Kai ne ɗan farinta?"

Ya ce shi ne, na fari kuma na ƙarshe.

"To tun da aka haife ka, ka taɓa jin sunanka a bakinta?"

Abdulbaƙi ya tuna baya. Bai taɓa ji ba. Matan tungarsu ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa yi masa magana kai tsaye a gaban mutane, ba sa ma nuna sun san da shi. Inna kuwa ko a cikinsu ta yi fice. Yana yaro, in za ta kira shi cin tuwo, bango take gaya wa tuwo ya sauka. Wancan, shi ne sunansa a wurinta, in ta ji daɗinsa kuma, mutumin nan. Zaman gari da cinikin waya sun sa ya saba da duniyar da kowa ke faɗin sunansa kafin a tambaye shi, har ya sa wa mahaifiyarsa jarrabawar da ita kaɗai ce ba za ta taɓa ci ba.

Mu'minat ta ce da 'yar damfara ce, da ta faɗi sunansa har da na kakansa, ta ƙara da waƙa. Ta ce ya tashi ya sake kira, kuma wannan karon ya yi hankali irin na gida.

Ya kira. Bai ce Inna ba. Ya gaishe da Na'ima, ya ce ta ajiye wayar kusa da tiren gyaɗa, sannan ya kama ba wa iska labari. Ya ce wani mutum dai yana nan lafiya a Jibiya, ya yi aure, matar tana da baki amma tana da kirki. Mutumin ya nemi wata baiwar Allah har ya gaji, bai daina ba. Yana da ɗaki da ba kowa a ciki.

Ɓarar gyaɗa ta tsaya. Can sai wata murya, ta tsufa, ta yi ƙasa, amma ita ce, tana magana da Na'ima.

"Ɗiyata, tambayi masu wayar nan, ƙafar da ƙaya ta soka a daji, ta daina tashi da damina?"

Abdulbaƙi ya sunkuya ya riƙe ƙafar hagunsa. Mu'minat ce ta amsa, ta ce ta daina, Inna, sai dai raki.

Daga baya Na'ima ta ba su sauran labarin. A sansani an tambayi tsohuwar ko tana da wanda za a nemo mata, ta ce akwai. Sunansa? Ta sunkuyar da kai. Sunan mijinta? Nan ma ta ja mayafi, don shi ma ba a faɗa. Ma'aikacin, ɗan birni ne mai sauri, ya ɗauka ruɗewa ce, ya wuce na gaba. Da ta ji muryar a waya kuwa, ta gane tun kalmar farko. Ta ce wa Na'ima tunda yana raye har yana yi wa raguna tsiya, ita ta gode Allah, sauran kuma ba a bakinta zai fito ba.

An sa rana, wata ranar Alhamis da hantsi, a Magama, bakin iyaka. Abdulbaƙi ya sa sabuwar shadda, suka tsaya shi da Mu'minat daga wannan gefen, cikin hayaniyar manyan motoci da masu tallar ruwa. Can suka hango kabu-kabu biyu sun tsaya wajen jandarmomi. Na'ima ta sauko, ta kamo hannun wata 'yar tsohuwa da ƙullin kaya a ka, suka tako a ƙasa.

Ya yi niyyar ya ruga. Ƙafafunsa suka fi shi tarbiyya, suka durƙusar da shi a gefen hanya, ya sunkuyar da kai.

Inna Salmatu ta iso. Ta rungume Mu'minat kamar ita ta haifa, ta tambayi mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya, ta yaba zanenta. Ta gaishe da wani jami'in kwastan da bai san hawa ba bai san sauka ba, har ya cire hula. Ta dubi wata tirela ta ce motocin yanzu sai girma. Kowa ta gani a Magama ran nan, ban da mutum ɗaya da ke durƙushe, shaddarsa na shan ƙasa.

Mu'minat ta karɓi ƙullin, ta ce Inna mu je ga mota can. Hanyar motar kuwa ta gefensa ta bi. Da tsohuwar ta zo daidai shi sai ta ɗan yi tangaɗi, irin na wanda zai tsallake kwata, ta miƙa hannu neman abin dafawa, hannun ya sauka a kansa. Wurin shimfiɗe yake, ko tsakuwa babu. Ta daɗe a dafe, tana kallon gabas, hannunta a kan hularsa, tana gaya wa Mu'minat cewa tsufa ne, ƙafa ba ta da tabbas, a bar ta ta ɗan huta kafin a ƙarasa.